Ranar da Na Ara wa Husna Yatsana

Wautar da na tafka a duniya tana da yawa, kuma mafi yawanta kun san ta, don uwarku ba ta taɓa barin ko ɗaya ta kwana a cikinta ba. Kun san na gudu daga firamare ina aji uku saboda malamin lissafi ya ce kaina tulu ne mai huda a gindi. Kun san na taɓa sayo akuya a kasuwar ƙauye na ɗaure ta a bayan mota, na iso Gyaɗi-Gyaɗi da igiya kaɗai. Waɗannan ku ci gaba da dariyarsu har bayan raina, na yafe. Amma akwai guda ɗaya da ba ku sani ba, ita ce uwarsu duka, kuma babu abin dariya a cikinta. Zan rubuta ta da wannan rubutun nawa mai kama da tonon kaji. Wanda zai buga ya gyara harufan, kada ya taɓa maganar.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne sunan da aka yi a Daurawa watan jiya. Muna zaune a tabarma ana rabon nama, sai Malam Kabiru, mijin 'yar'uwarku Rabi, ya sake ɗauko labarin nan da yake so, na rashin lafiyar 'yarsu Husna. Ya nuna ni da cokali ya ce wa mutane:

"Kun ga tsohon nan? Da ba don yana zaune a gefen gadon ba, da yarinyar nan ta tafi. Nas-nas ɗin suna can suna latsa waya, na'urarsu ta lalace ba su sani ba."

Aka yi ta cewa Allah ya saka wa Baba. Na yi murmushi, na sa tsoka a baki, na yi ta tauna ta ƙi wucewa. Shekara tara ke nan ina cin wannan yabon, kuma duk lomar da na ci haƙƙin wata baiwar Allah ce. To yau zan amayar.

Sai na fara gaya muku wani ilimi da ba a koyar da shi a ko'ina sai a tasha. Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan motar haya. Duk tsohon direba ya san jar wutar nan ta dashbod. Kana cikin tafiya lafiya lau sai ta kama. Fasinjan gidan gaba, wanda bai san bambancin birki da totur ba, sai ya leƙo ya ce, direba wannan jar wutar fa? Kafin ka buɗe baki magana ta kai kujerar baya, mata sun fara salati, wani ya ce a sauke shi. Saboda haka muke yanko baƙin salatif mu liƙe wurin, ko mu sa bakanike ya zare ƙwan fitilar gaba ɗaya. Kuma gaskiya, sau tara cikin goma ƙarya wutar take, waya ce ta saki. Mu da kunne muke jin inji. Ni har alfahari nake cewa kunnena ya fi kowace fitila. Sau biyu inji ya buga a hannuna, duka biyun na ɗora wa mai sayar da baƙin mai. Wannan ne karatun da na yi a duniya, kuma shi na ɗauka na shiga da shi asibiti.

Husna tana da shekara biyu da 'yan watanni a daminar da abin ya faru. Ita ce amaryata a cikin jikoki. In na ce mata amarya zo ki ba ni ruwa, sai ta turo baki ta ce ba ta son tsoho, ta ja gemuna ta ruga. Tari ya fara kama ta, aka ce sanyin ruwan sama ne, aka sayo magani a kemis. Zazzaɓi ya biyo baya. Kwana uku sai Rabi ta kira uwarku tana kuka, wai haƙarƙarin yarinya yana lotsawa ciki duk numfashi. Aka sa ta a adaidaita sahu daga Darmanawa zuwa asibiti. Likitoci suka ce limoniya ce ta cinye huhu biyu. Kafin la'asar sun wuce da ita ɗakin da su suke kira ai-si-yu, mu kuma muke kira gobe da nisa, ko da yake a makon nan babu wanda ya yarda ya faɗi wannan sunan a gidanmu.

Ɗakin nan ba a shiga. Uwa kaɗai aka yarda ta zauna. Uwarku ta dama kunu ta cika fulas biyu, ta jawo ƙannenta da matan layinmu su wajen goma, aka tafi dubiya kamar yadda aka saba, mai gadi ya tare su a ƙofa. Suka dawo gindin bishiya suka shimfiɗa tabarma. Har yau ina jin muryarta:

"Wane irin asibiti ne wannan da ba a dubiya? Mutum yana kwance danginsa ba su gan shi ba, ta ina zai ji sauƙi?"

Na ce mata ta bar ni da su. Ban taɓa ganin shingen da na kasa wucewa ba, daga Kano har Ikko. Kwana uku ina zarya a bakin ƙofar nan. Na san sunan kowace nas, na san wadda ke son goro da wadda ke son a ce mata ta rame. A rana ta huɗu da safe wata da ake kira Sista Saratu ta leƙo. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, idonta ja saboda aiki. Ta ce:

"Baba, kai ne mahaifin maman Husna? 'Yarka kwana huɗu ba ta ci abin kirki ba, ba ta runtsa ba, ta ƙi matsawa daga gadon. In na bar ka ka shiga, za ka iya lallashinta ta fita ta huta?"

Na ce ai lallashi gadonmu ne. Ta ce in cire takalmi, ta ba ni wata koriyar riga mai igiya a baya, ta tsaya a kaina na wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala. Tausayi ne ya sa ta buɗe min ƙofar nan. Ku riƙe wannan.

Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne, ɗaki cike da yara amma babu kukan yaro ko ɗaya. Ni da na saba duk inda yara shida suka taru sai ka toshe kunne. Gado shida, kowanne da ɗan mutum a kwance shiru, wayoyi da robobi sun fito masa ta ko'ina. Injina ne kawai ke magana, wannan ya yi ƙit, wancan ya amsa. Sanyi kamar cikin firji. Na hango Rabi kafin in gane Husna, don yarinyar ta koma kamar 'yar tsana. An sa mata siririyar roba a hanci mai kawo iska, ƙarin ruwa a hannu, kuma duk numfashi sai ta yi wani ɗan gurnani, ih, ih, kamar mai ɗaga kaya. Na ce amarya, ga tsohonki. Ko ido ba ta buɗe ba.

Sista Saratu ta ga ina leƙen wata 'yar talabijin da ke saman gadon, sai ta yi min bayani, don ta ga alamar ni mai son taɓe-taɓe ne. Ta ɗaga bargo ta nuna min wani maƙali a babban yatsan ƙafar Husna, kamar wanda mata ke maƙale shanya da shi, da jar wuta a ciki, waya ta tashi daga jikinsa zuwa talabijin ɗin.

"Lambar sama iskar da ke cikin jininta ce. In ta haura casa'in muna godiya. In ta sauko na'urar za ta yi ƙara. Ta ƙasa bugun zuciyarta ce. Maƙalin na manya ne, na yara ya ƙare mana, shi ya sa yake yawan zamewa. In ya yi ƙara kira ni. Kada ka taɓa komai, Baba."

Na ce ni da inji ai mun san juna. Ta ce ta ji, amma kada in taɓa.

Daga hantsi zuwa kusan azahar na'urar nan ta yi ihu sau biyar. Ƙara ce mai shiga ƙwaƙwalwa, kamar ana buga maka ƙusa a tsakar ka. Duk lokacin da ta tashi sai Rabi ta zabura, Sista ta taho da sauri ta ɗaga bargo, ta gyara maƙalin, ta ce ya zame ne, lamba ta koma sama. Sau biyar, duka biyar ƙarya. Ina zaune ina kaɗa kai irin na masana. A raina na ce, ashe likitoci ma suna da tasu jar wutar, ba su dai san salatif ba.

Ta shida ta tashi ana dab da kiran salla. A daidai lokacin wani jariri a gado na biyu daga namu ya fara jijjiga, an ja labule, Sista Saratu da abokiyar aikinta da likita duk suna kansa. Rabi ta kifa goshinta a bakin gado, ta sa hannu biyu ta toshe kunne. Na ji tana cewa:

"Baba, kaina zai fashe. Wallahi kaina zai fashe."

Daga bayan labule Sista ta ɗaga murya:

"Maman Husna, duba min ko ya zame, ina zuwa yanzu!"

Rabi ba ta ɗago ba. Na ce bari ni in duba. Na zura hannu ƙarƙashin bargo na laluba ƙafar. Ku ji da kyau, don nan ne wurin da nake so in rubuta da manyan baƙi: bai zame ba. Yana zaune daram a yatsanta. Na danna shi, na ɗan juya shi, lamba ta ce tamanin da uku, ta ce tamanin da ɗaya. Na dubi yarinya, sai na ga gurnanin nan ya ragu, ta fi lafawa a kan yadda na same ta da safe. Kunnena, wanda nake taƙama da shi, ya ce min inji lafiya yake. Sai na ce bari in gwada abin, yadda muke gwada ƙwan fitila a wani batirin. Na zare maƙalin daga ƙafarta na sa a ƙaramin yatsana, duk a ƙarƙashin bargo. Ya zauna min cif kamar don ni aka yi shi.

Lamba ta yi tsalle ta koma casa'in da shida. Ƙara ta ɗauke.

Duk mai hankali, ko ɗan aji uku, a nan zai gane. Na'ura ta yi aiki a jikina, ke nan na'ura lafiyarta ƙalau, ke nan yarinya ce ba lafiya. Gwajin da na yi da hannuna ya ba ni amsa tsaf, ni kuma na karanta ta a kife. Abin da na ji kawai shi ne daɗin shirun. Rabi ta ɗago a hankali, ta dubi lambar, ta sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta ba, ta ce Alhamdulillahi. Sista ta sake kira daga bayan labule:

"Ta dawo?"

Na ce, "Ta dawo, Sista."

Da bakina. Sai ladanin masallacin asibiti ya kira azahar. Na ce wa Rabi, tashi ki je ki yi salla, ki sa wani abu a cikinki, uwarki na gindin bishiya da abinci, ni ina nan. Ta miƙe tana dafa gado, ta ɗan tsaya, ta fita.

Za ku ce, to da ta fita me ya hana ka mayar? Shekara tara ina yi wa kaina wannan tambayar. Na ce in na mayar yanzu ƙarar za ta dawo da ita daga bakin ƙofa, bari ta yi nisa. Da ta yi nisa na ce bari ta kai famfo. Sai na ce bari ta gama alwala. Sai na ce bari ta yi ko raka'a biyu cikin natsuwa, baiwar Allah. Kuma ga abin da ya fi komai ba ni kunya, amma na yi alkawarin ba zan rage ba: na shagala da kallon lambata. Na ja dogon numfashi in ga ko zan kai ta casa'in da tara. Ta kai casa'in da takwas. Har na ji daɗi, na ce tsoho da sauransa. Jikata tana shaƙewa a tazarar kamu ɗaya daga gwiwata, ni ina gasa da talabijin. Na kalle ta sau biyu, na ga ta yi lamo, gurnanin ya ɗauke gaba ɗaya. Na ce barci ya samu.

An tayar da iƙama, an yi salla, ina jin liman ya yi sallama, sai labulen can ya buɗe. Sista Saratu ta fito tana cire safar hannu. Ta ɗaga kai ta dubi talabijin ɗinmu daga nesa, kamar yadda take yi duk wucewa. Sai na ga ta tsaya cak. Ba lambar sama ce ta tsayar da ita ba, ta ƙasa ce. Zuciyar Husna tun safe tana gudun ɗari da hamsin da wani abu. Yanzu allo yana nuna saba'in. Bugun zuciyar tsohon direba mai ƙoshin tuwo. Ta taho a guje, ta fizge bargon, ta ga ƙafa babu komai, ta bi waya da ido har ta ƙare a hannuna.

Ba ta zage ni ba. Na so a ce ta zage ni. Ta dube ni daƙiƙa ɗaya, ta ce innalillahi, ta fizge maƙalin har ya yage min fata, ta mayar a ƙafar yarinya, ta juyo da fuskarta wajen haske. A nan na ga leɓɓan. Sun yi shuɗi-shuɗi kamar ta tsotsi bakin biro. Na'urar ta yi ta lalube, sannan ta kawo lamba: hamsin da wani abu. Ta fasa ihu. Sista ta fasa nata ihun tana kiran likita.

Abin da ya biyo baya a tsaye na gan shi, bayana manne da bango, don babu wanda ya samu sukunin kora ta. Suka kwantar da gadon. Aka zura wata roba a maƙogwaronta, inji yana zuƙo majina mai kauri. Sista ta kifa mata wani abu a fuska tana matsa wata roba mai kama da ƙwallo, tana ƙirge a bayyane, ƙirjin yarinya yana tashi yana sauka da hannun wata. Likitan, yaro ne bai kai autana ba, ya buɗe bakinta da wani ƙarfe mai fitila ya tura bututu. Hannun Husna ya zamo daga gado yana lilo. Na so in yi addu'a, wallahi Fatiha ta ɓace min. Ni da na ga haɗarin mota iri-iri, na ɗauki gawa da hannuna a hanyar Zariya ban girgiza ba, sai ga ni na kasa matsawa daga jikin bangon. Da suka jona bututun da wani babban inji mai hura numfashi, lamba ta fara hawa kaɗan-kaɗan, sai likitan ya juyo ya kama hannun rigata ya fitar da ni baranda, ba takalmi.

"Baba, ba faɗa zan yi maka ba, ba ni da lokaci. Minti nawa abin ya yi a hannunka? Kada ka rage. Aikin da zan yi mata ya dogara da amsarka."

Ƙarya ta zo min har bakin haƙori, don ta saba hanya. Na haɗiye ta. Na ce daga kiran salla zuwa sallamar liman. Ya rufe ido, ya shafa kansa. Ya ce majina ce ta toshe mata hanya, abin da za a zuƙe cikin minti biyu da an ji ƙarar. Ya ce za su rubuta gaskiya a takardarta, kuma daga yau ba zan sake taka ɗakin ba. Na kama hannunsa, ni da furfurata, na ce don Allah kada a gaya wa iyayenta. Ya ce:

"Sun cancanci su sani. Amma ya fi kyau su ji daga bakinka. Ka gaya musu yau."

Na ce yau ɗin nan, in sha Allahu.

Rabi ta dawo da ɗan ƙwanon abinci a hannu ta tarar da 'yarta da bututu a baki. Ƙwanon ya faɗi. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa komai ba, ta zauna a ƙasa. Malam Kabiru ya baro ofis ya iso kamar zai tashi sama. Wani ya ce masa na'ura ta nuna lafiya alhali yarinya tana mutuwa, shi kuma ya ƙarasa sauran da kansa. Ya tare Sista Saratu a baranda gaban mutane.

"Ku ba ku da imani! Tsoho ne zai yi muku gadin marar lafiya? Da ba ya wurin sai dai ku ba mu gawa ko? Sai na kai ƙararki!"

Ina tsaye taku uku daga wurin. Sista ba ta dubi Kabiru ba, ni ta duba. Ta ba ni lokaci in faɗi gaskiya, wallahi ta ba ni. Na sunkuya ina neman takalmina. Sai ta ce masa, Allah ya ba ta lafiya, Alhaji, ta koma ciki wajen 'yarsa.

Da na koma gindin bishiya na ce wa uwarku sanyin ɗakin ne ya taso min da ciwon gwiwa, ba zan ƙara shiga ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi yatsana da ke ɗigar jini, ta ce:

"Malam, shekara arba'in ina tare da kai. Ban taɓa ganin an kore ka daga wuri ka ce gwiwa ba sai ka yi ɓarna."

Na ce ta bar ni da abin da ke damuna. Ta bar ni. Allah ya ji ƙanta, ta tafi ba ta sake tambaya ba.

Kwana shida inji yana yi wa Husna numfashi. Kwana shidan nan a barandar na yi su, daga safe har a kore mu. Ta gilashin ƙofa nake hango yadda suke aiki, kuma a nan na san abin da na raina. Duk bayan ɗan lokaci wata za ta zo ta duba lamba ta rubuta, ta taɓa goshi, ta haska ido, ta auna ko fitsarin da ya taru, ta juya yaro ta ɗaya gefen. In na'ura ta yi ƙara sau ashirin, sau ashirin za a taso, ko da sha tara ƙarya ne. A rana ta biyar na tare Sista Saratu za ta tashi daga aiki, na ce ta yafe min. Ta gyara jakarta a kafaɗa ta ce:

"Ni ba ni ka yi wa ba, Baba. Ka ga yaran ɗakin nan ba sa iya kuka. Ƙarar nan ita ce kukansu, ba su da wani. Ita ta yi kuka, kai ka rufe mata baki. Ka gaya wa iyayenta?"

Na ce ina neman lokacin da ya dace. Ta ce to, ta wuce. Ban sake ganinta ba tun da aka sallame mu. In tana raye, ko 'ya'yanta, wannan takardar tasu ce.

A rana ta bakwai aka zare bututun. Husna ta yi wani kuka a dishe kamar 'yar mage, Rabi ta fito baranda tana dariya tana hawaye. Ta rayu, kun sani, ga ta nan ta kusa kamo uwarta a tsawo. Kun kuma san ƙafarta ta hagu da take ɗan ja, da yadda magana ta yi mata nauyi har ta kusa shiga makaranta. Na koma na samu likitan na tambaye shi ko ni ne. Ya ce ciwon da kansa yana iya yin haka, mintocin nan ma suna iya yi, babu wanda zai iya raba min su. Na so ya ce ni ne ko ba ni ba ne. Ya ƙi ba ni ko ɗaya.

Bayan wata huɗu, ranar da na ga ta fara takawa tana jan ƙafar a tsakar gidansu, na kasa jurewa. Washegari da hantsi na hau adaidaita na tafi Darmanawa, na daidaici Kabiru yana ofis. Na tarar da Rabi tana tsince shinkafa a faranti, Husna tana barci a tabarma kusa da ita. Ta kawo min ruwa, muka gaisa. Abin da zan rubuta yanzu, kada wani ya kuskura ya ɗaga wa Rabi gira a kansa, ko ina raye ko na mutu. A ranar can ta asibiti, kwana huɗu ba ta yi barci ba, kuma ubanta ne a gabanta, mutumin da tun tana goye take jin ana cewa babu injin da ya gagare shi.

Na gyara zama, na cire hula na ɗora a gwiwa. Na ce, Rabi, akwai maganar da na zo da ita, a kan ranar nan ta asibiti, lokacin da na ce ki tashi ki yi salla. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ba ta ɗago ba.

"Na ga wayar, Baba. Ta bi ta hannun rigarka." Ta ture wata tsakuwa gefen faranti. "Na ɗauka ina fita za ka mayar."